Tarihi Na Ƙarƙashin Ƙasa, Mu Kuma Muna Kasuwa

'Yan uwa mazauna Kurmi, na Sabo da na Sasa da na Bodija a nan Badun, da waɗanda ke Shagamu da Agege da Ife da sauran zangunan Hausawa, na kwana biyu ban yi rubutu ba, kasuwa ce ta riƙe ni, kun san idan sabon wake ya fara shigowa ba a samun sukuni. Yau ina so in yi magana ne a kan wani abu da na san wasu za su ce yaron nan ya rasa abin faɗa, wato laccocin da masu tono kayan tarihi ke shirya wa jama'a kyauta, da kuma halin da ɗalibansu ke ciki. Ra'ayina a taƙaice shi ne ya kamata mu riƙa zuwa wuraren nan, kuma ya kamata mu sa hannu a aljihu mu tallafa wa yaran da ke wannan karatu. Mai karatu ya yi mini haƙuri ya ji dalilaina kafin ya yanke hukunci.

Yadda abin ya faro

Abin ya samo asali ne daga rumfar Baba a kasuwar Bodija. Wata ranar Laraba wani saurayi Bayarabe ya zo da 'yar takarda a hannu yana tambayar kuɗin rabin buhun wake. Ya yi ta tayi, Baba na cewa albarka, har dai Baba ya gaji ya tambaye shi da Yarbanci ko biki zai yi. Sai ya ce a'a, su ɗalibai ne su goma sha huɗu za su shiga daji na mako uku don su tona wani tsohon kufai, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, da suka biya kuɗin mota sai kuɗin abinci ya gaza. Baba ya ce, "Zinare kuke nema?" Ya ce, "A'a Alhaji, fasassun tukwane da gawayi." Baba ya yi dariya har da tari, ya ce Allah Ya shirya boko. Amma duk da haka ya rage masa kuɗin, ya kuma ce in ƙara masa tiya biyu gyara, domin a cewarsa matafiyi ba a barinsa da yunwa ko da tafiyar tasa ta shirme ce.

Bayan kamar wata guda sai ga yaron ya dawo, ya yi baƙi ya rame, ya durƙusa ya yi wa Baba godiya, sannan ya miƙo mini takardar gayyata. Ashe akwai wata 'yar ƙungiya a garin nan ta malamai da ɗalibai da tsofaffin ma'aikata masu sha'awar wannan ilimi da ake kira akiyoloji, wato binciken rayuwar mutanen da ta hanyar abin da suka bari a cikin ƙasa. Lokaci-lokaci sukan shirya lacca ga duk mai so, ba kuɗin shiga, kuma ɗan abin da membobinsu ke tarawa da shi suke taimaka wa ɗalibai. Na karɓa ne don kunya, na kuma je ne don kada ya sake zuwa ya tarar ban cika alkawari ba.

Abin da na ji a zauren

Ranar Asabar ce da hantsi. Mutane sun kai sittin, akwai tsofaffin malaman makaranta, akwai 'yan sakandare da kayan makarantarsu, akwai fasto, akwai alfa da rawaninsa. Na duba gabas na duba yamma, Bahaushe ni kaɗai ne.

Malamin da ya yi laccar ya yi magana ne a kan Oyo-Ile, tsohon babban birnin daular Oyo, wanda ya zama kufai tun wajajen 1830 da 'yan kai, yanzu kuma yana cikin gandun dajin gwamnati a arewacin Jihar Oyo. Ya nuna hotuna a majigi: ragowar ganuwa, ramukan niƙa a jikin duwatsu, tsingaro birjik a ƙasa, da manyan itatuwan kuka waɗanda ya ce su ne alamar farko da ke nuna wa mai bincike cewa an taɓa zama a wuri. Yana cikin bayani sai na ji ya ce Baturen nan Clapperton, da ya isa birnin a 1826, bai rubuta sunansa Oyo ba, Katunga ya rubuta, domin da wannan suna Hausawa ke kiran birnin. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. An haife ni a Jihar Oyo, na yi firamare da sakandare a cikinta, amma ban taɓa jin cewa kakanninmu sun san wannan birni har suna da sunan da suke kiransa da shi ba.

Ya ci gaba da cewa ƙarfin daular Oyo a kan dawaki yake, dawakin kuma daga arewa ake kawo su, saboda ƙudan tsando ba ya barin doki ya yi tsawon rai a kurmi. Masu kula da dawakin da yawa 'yan arewa ne, wasu fatake ne da suka zo da ƙafarsu, wasu kuma bayi ne da aka sayo, gaskiya ɗaya ce ba a ɓoye ta. Kanwa da fatu da tufafi na gangarowa kudu, wasu kayan na haurawa. Har a harshe alamar tana nan, su suna cewa alubosa da alafiya da wahala, mu kuma muna cewa agogo da ashana waɗanda daga bakinsu muka karɓa. Sunan Yarbawa kansa ya fito a rubutun Ahmad Baba na Tambutu tun farkon ƙarni na 17, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya yi bayanin ƙasarsu a rubutunsa.

Wani abu da ya ƙara burge ni shi ne yadda ya bayyana aikin nasu da sauƙi. Ƙasa hawa-hawa take, abin da ke can ƙasa ya riga na sama zuwa, sai fa idan wani ya dagula wurin. Shi ya sa ba sa haƙa da gaggawa, da cokalin magina da buroshi da rariya suke bi sannu a hankali, suna rubuta zurfin da aka sami kowane abu. Gawayin da Baba ya yi wa dariya kuwa shi ne agogonsu. Duk abu mai rai yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon wanda ke fara raguwa daga ranar da abin ya mutu, rabinsa na ƙarewa a cikin kimanin shekara 5,730. Idan aka auna abin da ya rage a gawayin murhu, sai a ƙiyasta lokacin da aka sare icen. Ke nan idan ka zaro tukunya daga rami ka watsar da ƙasar da gawayin da ke kewaye da ita, ka sami tukunya amma ka kashe labarinta.

Su wa ke gano waɗannan abubuwa?

A nan ne hujjata ta farko take. Da na koma gida na yi ta karance-karance, sai na lura da wani abu guda. Manyan kayan tarihin da Najeriya ke tinƙaho da su a duniya, kusan dukkansu talakawa ne masu aikin ƙarfi suka fara cin karo da su, masana daga baya suke zuwa.

Ɗauki kwalekwalen Dufuna a Jihar Yobe. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙar rijiya don dabbobinsa ya ci karo da ice mai tauri a zurfin kusan mita 5. Bai fasa shi ya yi makamashi ba, ya je ya sanar da dagaci, magana ta yi ta tafiya har ta kai Jami'ar Maiduguri, daga baya masana daga Jamus suka shigo aka tono shi a 1994. Tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kimanin 8,000, shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka sani a Afirka, kuma yana cikin mafiya tsufa a duniya baki ɗaya.

Ɗauki Igbo-Ukwu a Jihar Anambra. A ƙarshen shekarun 1930 wani mutum mai suna Isaiah Anozie yana haƙar ramin tara ruwa a gidansa ya tono kayan tagulla masu ban mamaki. Sai a 1959 zuwa 1960, da kuma 1964, Thurstan Shaw ya yi cikakken bincike a wurin, aka sami duwatsun ado fiye da 165,000, aka kuma ƙiyasta kayan sun kai shekara dubu. Wannan Shaw ɗin shi ne ya kafa sashen akiyoloji a Jami'ar Ibadan, nan kusa da kasuwar da muke wuni a cikinta.

Ɗauki Ile-Ife. A 1938 masu haƙar harsashin gini a wani gida kusa da fadar Ooni suka tono kawunan tagulla fiye da goma, waɗanda kyawunsu ya sa Turawa suka sake tunani a kan abin da baƙar fata zai iya ƙerawa. Ɗaya daga cikinsu yana gidan tarihi na Landan har yau.

Ɗauki Nok a kudancin Jihar Kaduna. Masu haƙar kuza ne suka fara tono mutum-mutumin gasasshen yumɓu a 1928. A farkon shekarun 1940 aka kai wa Bernard Fagg wani kai wanda wani ma'aikaci ya kafa a gonar doyarsa don korar tsuntsaye. Daga nan aka gane akwai wata al'umma da ta rayu a tsakiyar ƙasar nan fiye da shekara 2,000 da suka wuce, har tana narka ƙarfe.

To yanzu mai karatu ya tambayi kansa, a garuruwan Kurmi su wa ke haƙar rijiya? Su wa ke haƙar harsashin gini da ramin shadda? Su wa ke ɗibar yashi, su wa ke bin gonaki kwadago a Oke-Ogun da sauran ƙauyuka? Da yawansu 'yan uwanmu ne 'yan ci-rani. Babu wanda ya fi su kusa da abin da ke cikin ƙasa, babu kuma wanda ya fi su nisa da zauren da ake bayaninsa.

Jari bola da 'yan kayan gargajiya

Akwai wani ɓangare da ya fi wannan ciwo. Sana'ar jari bola a kudu kusan a hannunmu take. Yaro mai tura kura yana sayen tagulla da kilo, ubangidansa ya tara ya sayar wa masu narkawa. Idan yau wani lebura ya tono irin kan nan na Ife ya kai wa baban bola, me kuke jin zai faru? Za a ɗora shi a sikeli, a biya kuɗin 'yan kiloli, a jefa shi cikin tsofaffin wayoyin lantarki da famfunan ruwa. Ba mugunta ba ce za ta sa shi yin haka, bai taɓa ganin hoton irin abin ba ne, balle ya san darajarsa.

Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya, a cikin masu fataucin kayan gargajiya da ke bin otal-otal da ofisoshin jakadanci daga Ikko har Abijan, Hausawa sun daɗe da yin suna. Mafi yawansu sassaƙe-sassaƙen zamani da kayan fata suke sayarwa, halal ɗinsu suke ci. Amma a shekarun 1990, lokacin da aka yi wa yankin Nok wawaso, ana farfasa kufai ana zaro mutum-mutumi ana tsallakawa da su ta iyakoki, wasu daga cikin dillalan namu ne. Abin ya kai har aka ga kayan Nok a babban gidan tarihi na Faris a 2000, aka yi ta cece-ku-ce, daga bisani Faransa ta amince cewa mallakin Najeriya ne. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana fitar da irin waɗannan kaya waje ba da izini ba, ta kuma hana cinikinsu barkatai. Ɗan kasuwar da bai san wannan ba zai iya wayar gari a hannun hukuma, kuma idan aka kama mutum ɗaya, sunan al'umma gaba ɗaya ake kira. In kunne ya ji, jiki ya tsira, laccar nan kuwa wurin jin ke nan.

Maganar ɗalibai

Hujjata ta biyu ta shafi tallafi. Bayan an tashi daga laccar na zauna da abokin nan nawa da wasu 'yan ajinsu, suka lissafa mini abin da ke cin kuɗi. Ɗalibin tarihi zai iya zama a ɗakin karatu ya gama aikinsa, shi kuwa na akiyoloji dole ya shiga daji. Akwai kuɗin mota, akwai abinci, akwai ladan leburorin ƙauye da za su taya haƙa, akwai gaisuwar masu gari kafin a ba ka izinin taɓa ƙasarsu, akwai magani idan zazzaɓi ya kama wani. Gwajin gawayi kuwa galibi sai an aika ƙasar waje, kuma ƙwaya ɗaya tana cin ɗaruruwan daloli. Saboda haka ɗalibi zai yi mako uku a rana, ya dawo da jakunkunan tsingaro, amma ya kasa faɗin shekarun garin da ya tona saboda kuɗin gwaji ɗaya ya gagare shi. Wata yarinya a cikinsu ta ce mini ta kusa sauya fanni a shekararta ta uku, ƙungiyar nan ce ta biya mata kuɗin tafiya. Abin da suke bayarwa bai taka kara ya karya ba, amma shi ya riƙe ta.

Me ya sa wannan zai dame mu? A 1897 sojojin Ingila suka kwashe dubban kayan fadar Benin. An yi shekara da shekaru ana neman a dawo da su. A 2022 Jamus ta miƙa wa Najeriya mallakin fiye da guda 1,000 ta kuma kawo kashin farko Abuja, a 2025 Holan ta dawo da guda 119. Abin farin ciki ne, amma wa zai kula da su nan da shekara talatin idan yaran da ke koyon aikin yau suna gudu saboda kuɗin mota?

Can gida ma haka abin yake. A Durɓi ta Kusheyi da ke Jihar Katsina, kaburburan sarakunan da aka tona a 1992 sun fito da 'yan kunnen zinare da awarwaron hauren giwa da kwanukan ƙarfe da suka zo daga ƙasashen Musulmi na gabas, abin da ya tabbatar da cewa ƙasar Hausa na cinikayya da duniya tun ɗaruruwan shekaru. Amma sai da aka kai kayan Jamus kafin a gyara su. Ga Surame, birnin Kanta na Kabi, ga Kufena da Turunku a ƙasar Zazzau, ga Dala da ganuwar Kano wadda ake ta cinyewa da gine-gine da ɗibar ƙasa. Akwai sashen akiyoloji a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, akwai a Nsukka, akwai a nan Badun. Yaranmu na Sabo nawa ne suka san da su ranar da suke cike takardar neman shiga jami'a? Ni dai ban sani ba a lokacina. Ina cikin 'yan zamanin da suka yi karatu bayan an cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare a wajajen 2009, ba a kuma ƙaddamar da dawo da shi ba sai a 2022. Mun fita makaranta mun san sunayen kogunan Turai, ba mu san Katunga ba.

Abin da masu suka ke cewa

Na kawo wannan magana a majalisarmu bayan sallar isha'i, na kuma sha suka iri uku. Zan kawo su yadda aka faɗe su, domin masu faɗar ba jahilai ba ne.

Na farko wani malami da nake girmamawa ya ce ai wannan aikin tono gumaka ne da tona kaburbura. Na ce masa, Allah gafarta Malam, ni ba malami ba ne, hukunci naku ne. Amma abin da na gani da idona shi ne mafi yawan abin da suke tonowa tukwanen girki ne da duwatsun niƙa da kashin maƙera da ƙasusuwan dabbobin da aka ci. Mutum-mutumin da ke gidan tarihi kuma ba bauta masa ake yi ba, a cikin gilashi yake da lamba a jikinsa. Kuma ku ne kuke karantar da mu cewa Alƙur'ani ya sha jan hankali zuwa ga kufan al'ummun da suka shuɗe don a ɗauki izina. Game da kaburbura kuwa damuwarsa na da tushe, shi ya sa ma ya kamata a sami namu a cikin masu aikin, waɗanda za su san inda ya dace a tsaya. Malam bai ce na yi daidai ba, amma ya ce zai so ya ji daga bakinsu.

Na biyu wani abokin Baba ya ce, "Ɗana, muna da marayu, muna da Islamiyya ba rufi, ka ce mu ba masu tsintar tsingaro kuɗi?" Wannan magana ce mai nauyi, kuma ban ce a ɗauki na maraya a ba ɗalibi ba. Amma mu duba abin da muke kashewa wajen tarbar 'yan siyasa da buga kalanda da ankon biki. Rabin buhun waken Baba ya ciyar da mutum goma sha huɗu na kwanaki. Mu 'yan kasuwar abinci ne, da yawanmu kuma masu motoci ne. Abin da ya fi ci wa ɗaliban nan tuwo a ƙwarya, wato abinci da sufuri, shi ne abin da ya fi mana sauƙin bayarwa.

Na uku shi ne wanda ya fi taɓa ni. Wani tsarana ya ce tarihin Yarbawa ne, ina ruwanmu, mu baƙi ne, ranar da aka tashi korarmu tsingaro ba zai cece mu ba. Na san inda maganarsa ta fito. Rumfar yayansa na cikin waɗanda suka ƙone a rikicin kasuwar Sasa na watan Fabrairun 2021, kuma manyanmu ba su manta Shagamu a 1999 ba, ba su manta Sabon Ife a 2017 ba. Ban ce lacca za ta hana rikici ba, kuma ba na so wani ya ɗauki maganar Katunga ya je yana cewa garin namu ne, domin ba namu ba ne, masu shi suna nan. Abin da nake cewa shi ne, mutumin da ya san cewa kakanninsa da na maƙwabcinsa sun yi ɗaruruwan shekaru suna ciniki da auratayya da aron kalmomi, zai fi wuyar zugawa, mu da su duka. A zauren nan wata dattijuwa tsohuwar malamar makaranta ta riƙe hannuna ta ce mahaifinta a Sabo yake sayen shanun yanka, ta kuma tambaye ni me ya sa ba ma zuwa. Ban sami amsar da zan ba ta ba.

Sannan mu kanmu muna da tarihi a nan. An kafa Sabo ta Badun a 1916, yau fiye da shekara ɗari ke nan. Wani Bature masani mai suna Abner Cohen ya zauna da kakanninmu a farkon shekarun 1960 ya rubuta littafi a kan cinikin goro da shanu da zaman unguwar, aka buga a 1969, ana karanta shi a jami'o'in duniya. Mu jikokin mutanen da ya rubuta, mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa ganin bangonsa? Kullum ana rushe tsofaffin gidajen fatoma ana gina shaguna, ana zubar da akwatunan wasiƙun ajami da littattafan bashin goro a bola. Waɗannan ma kayan tarihi ne.

Laifin ba namu kaɗai ba ne

Don kada a ce na ɗora wa 'yan uwana kaya duka, su ma masu shirya laccar suna da nasu. Sanarwarsu ba ta wuce allon makaranta da wayoyin junansu. Suna sa taro ranar Asabar da hantsi, lokacin da kasuwa ke ci. Da Turanci ake yi daga farko har ƙarshe, wani lokaci Turancin ma irin mai wuyar nan. Na faɗa wa ɗaya daga cikin shugabanninsu haka, ya kuma karɓa hannu bibbiyu, ya ce ba su taɓa samun wanda zai buɗe musu ƙofar unguwarmu ba ne.

Saboda haka ga abin da nake ba da shawara. Shugabannin unguwa da na ƙungiyoyin 'yan kasuwa su gayyace su su zo su yi lacca a cikinmu, ranar Lahadi da yamma ko bayan isha'i, da majigi da tafinta, ni na ɗauki nauyin fassara gwargwadon iyawata. A tara masu haƙar rijiya da leburori da 'yan jari bola a nuna musu hotuna, a gaya musu abu uku: idan ka ci karo da abin da bai yi kama da na zamani ba ka dakata da haƙa, ka ɗauki hotonsa a inda yake da wayarka, ka sanar da mai unguwa don a kira ma'aikatan gidan tarihi. Makarantun Islamiyya da na boko na unguwa su kai yara gidan tarihi na ƙasa da ke Aleshinloye ko sau ɗaya a shekara, gani ya kori ji. Kowace ƙungiyar kasuwa ta ware buhu ɗaya ko kuɗin man mota ɗaya a shekara don ɗaliban da za su shiga daji, a miƙa a gaban shaidu, su kuma su dawo su gaya mana abin da suka samo. Idan kuma aka sami yaro ko yarinya daga cikinmu mai sha'awar wannan karatu, kada a kashe masa gwiwa da cewa ba ya kawo kuɗi, a haɗu a ɗauki nauyinsa. Duk wanda kuma ke da tsofaffin takardun kakansa, don Allah kada ya ƙone su, ya adana su a wuri mai bushewa.

Da na ba Baba labarin Katunga ya yi shiru, can ya ce shi ma ya taɓa jin sunan a bakin kakansa, wanda ya yi fataucin kanwa da jakuna, amma ya ɗauka wani gari ne a tatsuniya. Ya ce idan yaron nan ya sake zuwa sayen wake in kai shi gida ya ci tuwo, yana da tambayoyi. Yaron ya zo, sun yi hira har dare ya raba, da zai tafi Baba ya ce masa tafiya ta gaba waken na wuyansa.

Wannan shi ne ra'ayina, wanda ya ga kuskure ƙofar gyara a buɗe take. Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya jiƙan magabatanmu da suka sha rana suka buɗe mana waɗannan hanyoyi. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu. Wassalam.

Naku a kullum, ɗan Sabo.